Takardar da Aka Kawo daga Gwaram

Shekaranjiya ɗana ya dawo daga makarantar unguwa yana huci, wai ya je ya faɗa wa malamin jikana magana, don ya koro yaron ya ce kada ya dawo sai ya rubuto abin da aka ba shi ya rubuta a gida. Wai me ya yi zafi, yaro ne, ranar ya yini kiwon awaki ya gaji. Ina kishingiɗe a zaure ina jinsa. Ban tanka ba, domin yanzu in na buɗe baki a gidan nan cewa ake rigimar tsufa ce. Amma raina ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba. Uba da gemunsa ya ɗauki ƙafa ya je ya tsaya a kan malami yana ɗaga murya, yaron na raɓe a bayansa yana murmushi! Kada wani ya ɗauka kare malamai nake yi. Ni kaina malamin da ya koyar da ni ban taɓa ƙaunarsa ba, shi ma ya mutu ba ya son jin sunana. Amma na san abin da ke ƙona zuciyar malami idan yaro ya dawo da allo yadda ya tafi da shi, kuma ba a bakin wani na ji ba.

A Birnin Kudu aka haife ni, a wata unguwa ta gindin duwatsu wadda yanzu babu ita. Tun da hare-hare suka yi yawa kowa ya kwashi nasa ya shige cikin ganuwa, aka cunkushe kamar kaji a akurki, gidajenmu na da suka zama kufai. Yaran yanzu ba su san abin da ake kira safiya ba. Mu kafin gari ya waye sosai za ka ji taɓarya ta fara sauka a gida ɗaya, wani gida ya amsa, har unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Can sama a kan dutse bika, manyan biran nan, na haushi kamar karnuka, suna jiran mu yi sakaci su sauko wa dawa. Guga na bugun bakin rijiya, jakuna na kuka, kakata na tari tana hura wuta tana zagin ɗanyen ice. Ba wanda ake tashi sau biyu. In ka dawo daga karatun safe ga yankan ciyawa, ga ɗiban ruwa, in kaka ta kusa kuma ga tsaron gero, ka yini a kan rumfar kara da majaujawa kana ihu har muryarka ta dushe. Duk da haka ba uban da zai je gaban malami ya ce ɗansa ya gaji. Gajiya ba uzuri ba ce a lokacin, kowa a gajiye yake.

Makarantarmu zauren Malam ce da inuwar tsamiyar ƙofar gidansa, mu kuma duk 'ya'yan unguwa ne, a gidajen iyayenmu muke kwana. Malam dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, ban taɓa ganin haƙoransa da sunan dariya ba. Tsumagiyarsa kullum tana kan cinyarsa. Ba ya duka don ka yi kuskure a gabansa, wannan zai gyara maka ko sau goma ne. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne ya ba ka aiki ka tafi da shi gida ka dawo ba ka taɓa ba. Ƙanana bita yake ba su, su maimaita abin da aka biya musu har ya zauna. Mu da muka ɗan tasa kuwa, sai mu kwafe darasin da hannunmu a bayan allo, mu sa wasali, mu kawo da safe. Yakan ce, "Abin da nake ba ku a nan rabi ne, sauran rabin a ɗakin uwarku za ku same shi." Ranar da ya juya allon yaro ya ga bayansa fari fes, sai jijiyar wuyansa ta tashi, zaure ya yi tsit. Mukan ce a ranmu, wannan mutum wane irin mugu ne? Allon nan ba nasa ba, kan da zai zauna ba ilimi ba nasa ba, me ya ci masa rai?

Ni Allah ya ba ni kunne. In aka karanta abu sau biyu a kusa da ni ya zauna, ko ba ni ake biya wa ba. Wannan baiwa ita ta lalata ni. Na ga tunda baki na kawowa, me zai sa in zauna bayan la'asar ina fama da alƙalamin kara da tawada, alhali tsarana na can gindin dutse suna kamun fara? Akwai wani yaro Ilu, ɗan masu shanu da ke zaune a bayan unguwarmu. Shi kansa ba ya riƙe hadda, amma hannunsa ya iya rubutu, kuma yana son yi. Sai muka ƙulla: ni ina zama kusa da shi ina raɗa masa in ya kakare a gaban Malam, shi kuma ya rubuta min aikin gida, ya ɗan karkatar da hannu don kada a gane. Idon Malam dama ba shi da ƙarfi sosai. Haka muka yi damina biyu da rani biyu. Baƙaƙe na san su ɗaya-ɗaya, amma in aka haɗa su a layi sai in tsaya ina tattakawa kamar mai tafiya cikin ƙaya. A Alƙur'ani ba a kama ni, don da na gane kalmar farko sai baki ya zarce, yatsa na bin layi kamar gaske. Da Malam ya fara koya wa manyanmu ajami, wato rubuta Hausa da baƙaƙen nan don mu iya wasiƙa, nan ma Ilu ne ya ɗauke min nauyi. Ya rubuta, ya faɗa min abin da ya rubuta a hanya, in je in zuba shi a gaban Malam.

Ni ne kuwa Malam ke nunawa in ya yi baƙo. Ba yabona yake a fili ba, sai dai ya ce, "Kai, tashi ka ja mana," in na gama ya dubi baƙon ya yi shiru. Wannan shirun ya fi mini zuma. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ma ta yarda da ni, ni take aika cikin gari. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu cikin duk waɗanda suka haifa, Yaya Habi, aka aurar da ita Gwaram, tafiyar kwana biyu daga wurinmu. A shekarar da nake ba da labari tana da cikin fari. Da a gida za ta haihu kamar yadda ake yi, amma hanya ba lafiya, mijin ya ce ba za a ɗora mai tsohon ciki a jaki a bi da ita daji ba.

Bayan an gama yankan gero ana sussuka, ciwon ido ya shigo unguwa, aka ce ƙaiƙayi ne. Ya kama Malam da ƙarfi. Idanunsa suka kumbura suka liƙe da kwantsa, ya koma zama a cikin zaure da tsumma a fuska, yana sauraron karatunmu da kunne. Ilu ya bi iyayensa da shanu zuwa fadama, manyan ɗaliban kuma duk suna masussuka. Ran nan da hantsi sai ga wani falke mutumin Basirka da jakunansa ya yi sallama. Ya ciro takarda a naɗe daga hularsa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a kasuwar Gwaram wani ya ba ni, ya ce in kawo wa malamin gindin dutse. Ban san shi ba, ban kuma san abin da ke ciki ba."

Aka yi masa godiya ya kora jakunansa. Malam ya shafa takardar da yatsu, ya miƙo ta wajen da ya ji muryata.

"Kai, zo ka karanta mana. Daga gidan Habi ne."

Na ji motsin Inna a bayan zana, ta bar abin da take yi ta matso. Na warware takardar. Rubutu ne siriri na gaggawa, ya hau kan juna, wasalin ma ba a cika ba. Na gane bisimilla. Na gane sallama, don kowace wasiƙa da ita ake farawa. Can ƙasa na tsinci sunan Habi. Sauran kuwa kamar tururuwa ce aka watsa a kan takarda. A cikin gari akwai liman, akwai masu karatu da yawa, da na ce "Malam ban iya ba," da kafin azahar an karanta ta. Kalma huɗu ce. Na buɗe baki, sai na ja sallamar da tsawo ina neman lokaci.

Inna ta kasa haƙuri, ta ce daga bayan zana, "Ɗan nan, ta sauka?"

Sai kawai na ɗauki maganar daga bakinta. Na ce, "Ta sauka, Inna. Lafiya ƙalau. Namiji ne. Suna gaishe ku."

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Malam ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ya ce, "Shi ke nan abin da ke ciki? Na ji takardar da tsawo."

Na ce, "Sauran gaishe-gaishe ne, Allah gafarta Malam."

Ya karɓa ya naɗe ya sa a gafakarsa. Inna ta so a tashi washegari, ya ce tunda lafiya aka sauka a bari idonsa ya buɗe su bi ayari, bai kamata makaho da mace su shiga wannan hanya su kaɗai ba.

Kwana tara na yi da wannan abu a cikina. Kullum in na zo zan iske Inna na dakan yaji na mai jego, tana tankaɗen garin kunu, tana 'yar waƙarta, ta ce da ni, "Kai ka kawo min albishir." Ina ta gaya wa kaina ai wataƙila haka ɗin ne, me kuma za a rubuto daga gidan mai ciki in ba haihuwa ba? Sau biyu na tsaya a bakin zaure da nufin in faɗa, sau biyu ƙafata ta juya.

Ranar ta tara idon Malam na dama ya buɗe. Muna tsakiyar karatun safe ya jawo gafaka, ya ciro takardar, yana son ya ga albishir ɗin da idonsa. Ina kallonsa ta saman allo. Ya kai ta kusa da fuska, ya janye, ya sake kusantowa. Leɓensa na motsi, sai ya daina. Sannan ya ce kowa ya yi shiru, ya kira ni.

"Nuna min inda aka ce namiji."

Na sunkuyar da kai. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta kalma biyu da yatsa.

"Karanta wannan."

Na fara haɗa baƙi ɗaya da na biyu, ina in'ina, ƙananan yara na kallona. Ya ce, "Ya isa. Wa ke rubuta maka aikin gida?"

"Ilu."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Tsumagiya na kan cinyarsa, ko kallonta bai yi ba. Ya miƙe yana dafa bango ya shiga gida. Ba mu ji abin da ya ce ba, sai muka ji taɓarya ta faɗi, sannan wata irin ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba. Daga baya na san abin da ke cikin takardar. Mijin Yaya Habi ne ya sa aka rubuta. Ta haihu, mace ce, jaririyar na nan da rai, amma zazzaɓi ya kama uwar, ba ta gane mutane, sai kiran Inna take yi. Aka ce in suna son su same ta su taso ranar da takardar ta iso.

A wannan hantsin suka kama hanya, ba ayari ba kowa, Malam a kan jaki da ido ɗaya, Inna a ƙasa. Da suka isa Gwaram an yi kwana huɗu da binne ta. Da sun tashi ranar da falken nan ya zo, da sun yi kwana biyar a gefenta.

Ubana ya dake ni dukan da har yau in hadari ya haɗo kafaɗata na tunawa. Da Malam ya dawo bayan mako uku don ya kwashe kayansa, domin Inna ta ce ba za ta bar jikarta ba, ba kuma za ta sake zama a unguwar da za ta riƙa ganina ba, ubana ya ja ni har zaure ya durƙusar da ni.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shi nan. Ka yi masa duk abin da ka ga dama."

Malam yana ɗaure littattafai, bai ɗago ba. Ya ce, "Me zan yi masa? Ajalin Habi ba a hannunsa yake ba, ko mun je da ba za mu ƙara mata yini ɗaya ba. Amma ta mutu tana kiran uwarta, uwar na nan tana guɗa. Kun ɗauka in na yi fushi don yaro bai yi aikin gida ba, allon nake tausayi? Yaron da ya zo ya ce min bai yi ba, na san inda yake, zan koma in ɗauko shi. Wanda bai yi ba ya zauna gabana kamar ya yi, ni yake mayarwa maƙaryaci, don ni ne zan ce wa mutane ya iya, su dogara da shi. Shekara biyu ina ɗora masa karatu a kan abin da babu. Ni na fara dogara da shi, ni ya fara kayarwa. Ɗauke shi daga gabana."

Makarantar ta watse. Iyayen yara suka daɗe suna nuna ni da baki, wai ni na kore musu malami. Na koma wata makaranta a cikin gari, na zauna cikin yaran da ba su kai kafaɗata ba, gashin baki na tsiro min ina koyon haɗa baƙi, suna yi min dariya. Na iya, har daga baya mutane na kawo min wasiƙa in karanta musu, kuma ban sake ƙara ko wasali ɗaya a kan abin da ke rubuce ba. Amma kada in yi ƙarya, ban ɗauki laifin ni kaɗai ba. Shekaru ina tafe da haushin Malam a zuciya. Ina cewa shi da zafinsa ne ya sa yaro ya gwammace ƙarya da ya ce bai iya ba. Ina cewa girman kai ne ya hana shi aika takardar wajen liman, shi lallai sai ɗalibinsa. Ina cewa wane irin malami ne zai yi shekara biyu bai gane hannun yaro ba. Har yanzu akwai gaskiya a cikin wasu daga ciki, ban janye ba.

Sai da na yi aure na haihu, na fara kai hatsi kasuwanni, sannan wata rana tafiya ta kai ni Gwaram. Na yi tambaya aka nuna min gidan, can wajen bakin kogi. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya tsufa ya ƙanƙance, idanun duka sun tafi. Na yi sallama na durƙusa. Ban faɗi sunana ba.

Ya ce, "Na gane muryar. Me ya kawo ka?"

Na ce, "Gafara na zo nema, Allah gafarta Malam."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina son Allah ya yafe min. Amma ba na son ka sake zuwa."

Da na tashi a nan da ya fi. Sai abin da na daɗe ina dafawa ya taso min. Na ce, "Malam, ni ma ina da magana. Da ba ka cika duka ba, da na faɗa maka ban iya ba. Tsoro ne ya sa ni."

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Sau nawa na dake ka?"

Na laluba a raina, daga ranar da aka kai ni zaurensa har ranar da aka fitar da ni. Na ce, "Ba ka taɓa ba."

"To, ba duka ka ji tsoro ba. Tsoro ka ji kada a daina nuna ka ga baƙi."

Ana cikin haka sai wata budurwa ta fito daga cikin gida da ƙwaryar ruwa, ta ji an yi baƙo. Da na ɗago na dube ta sai na ga Yaya Habi ce sak, har tafiyar. Ta durƙusa ta miƙo, ƙishirwa kuwa na cina, tun safe nake cikin rana. Na kai hannu ke nan sai muryar tsohuwa ta fito daga bayan danga. Ta dushe, amma na san ta.

"Wane ne a wajen?"

Malam ya ce, "Yaron nan ne na Birnin Kudu. Mai karatun takarda."

Sannan Inna ta ce, "Ke, dawo da ruwan nan."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi kakanta, ba ta san dalili ba. Ta tashi a hankali ta koma da ƙwaryar cike. Na ɗauki takalmana na fita, na gangara kogi na sha da hannuna.